Kaftin Mbaye Diagne, sojan da ba shi da bindiga

A yammacin Afirka, can bakin babban teku, akwai ƙasar Senegal. A arewacin ƙasar, cikin jihar Luga, akwai wani gari ana ce da shi Koki. Garin ya yi suna saboda babbar makarantar allo da ke cikinsa, wadda almajirai ke zo mata daga nesa. A nan aka haifi Mbaye Diagne ran 18 ga watan Maris na shekarar 1958, shekara biyu kafin Senegal da Nijar su sami mulkin kai. Sunan gidansu, Diagne, rubutun Faransanci ne. Ana faɗinsa kusan Janyi.

Bai girma a Koki ba. Ya tashi a Pikin, wata babbar unguwar talakawa mai cunkoso a gefen birnin Dakar. Su tara ne wurin iyayensu. Da harshen Wolof ya buɗe baki, Faransanci kuwa a lakwal ya koye shi. Yana da ƙwazon karatu ƙwarai, har ya shiga jami'ar Dakar. Shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan matsayi.

A wancan zamani wanda ya fito daga jami'a yana iya neman aikin ofis ya zauna cikin inuwa. Mbaye aikin soja ya zaɓa. A watan Janairu na 1983 ya shiga makarantar horon hafsoshi da ke garin Ciyes, ya fito a 1984. Ya yi aure a 1988, Allah ya ba shi ƴaƴa biyu, mace da namiji. Daga 1989 zuwa 1993 ya yi aiki a Kazamans, yankin kudancin Senegal inda ƴan tawaye ke faɗa da gwamnati. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1991, aka ba shi girman kaftin. Ke nan kafin ya bar gida ya san ƙarar bindiga, ya kuma san yadda yaƙi ke yi da talaka.

Abokan aikinsa sun ba da kamanninsa. Dogo ne, yana da wushirya, kullum da baƙin tabarau a ido da karan sigari a hannu. Ba ya tafiya a hankali, ba ya zama wuri guda. Mutum ne mai raha da ba'a, inda duk ya zauna sai an ji dariya. Musulmi ne mai riƙon salla, ba ya shan giya.

Ƙasa mai tuddai dubu

A shekarar 1993 gwamnatin Senegal ta tura shi Ruwanda. Ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka, gabas da Kwango. Nijar ta ninka ta wajen sau 48 a faɗi. Amma ƙasa ce mai ruwa da albarkar noma, cike da mutane: a lokacin sun kai wajen miliyan 7. Ko'ina tudu ne da kwari, shi ya sa ake yi mata kirari da ƙasa mai tuddai dubu. Babban birninta Kigali.

Yawancin mutanen ƙasar Hutu ne. Sai Tutsi, waɗanda ba su kai kashi biyu cikin goma ba, sai kuma Tuwa ƴan kaɗan. Dukansu harshe ɗaya suke yi, Kinyaruwanda. Tudu ɗaya suke zaune, kasuwa ɗaya suke ci, suna kuma auren juna. Jamusawa ne suka fara mulkin mallaka a can, bayan yaƙin duniya na farko ƙasar ta koma hannun Beljik. Turawan Beljik suka fifita Tutsi wajen sarauta da karatu. Suka kuma yi wani abu da ya daɗe yana ɓarna: suka sa a rubuta ƙabilar kowa a takardarsa ta shaida. Da mulkin kai ya matso sai suka juya suka goyi bayan Hutu. A 1959 aka yi tarzoma, aka ƙone gidajen Tutsi, dubbai suka gudu zuwa Uganda da sauran ƙasashen maƙwabta. Ruwanda ta sami mulkin kai a 1962, mulki yana hannun Hutu.

Ƴaƴan waɗanda suka gudu suka girma a ƙasar wasu, an hana su komowa. Suka kafa ƙungiya mai suna FPR, suka ɗauki makamai, suka shigo daga Uganda ran 1 ga Oktoba 1990. Aka yi kusan shekara uku ana yaƙi. A watan Agusta na 1993 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Arusha, cikin ƙasar Tanzaniya, aka ce za a raba mulki.

Don a ga ko ana cika alkawari, aka aika da sojoji daga waje. Mbaye ya fara zuwa ne cikin ƴan sa-ido na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wato OUA. Daga baya aka mai da su ƙarƙashin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira MINUAR. Rundunar tana da mutum wajen 2,500, shugabanta wani janar ne ɗan Kanada, Romeo Dallaire.

Aikin sojan sa-ido ba faɗa ba ne. Ba a ba shi bindiga. Kayan aikinsa farar mota, da rediyon magana, da taswira, da shuɗiyar hula. Ya je, ya gani, ya rubuta, ya kai wa manyansa. Mbaye kuma an ɗora masa kai saƙo tsakanin MINUAR da sojojin gwamnatin Ruwanda. Ta haka ya san hafsoshi da yawa, ya san hanyoyin Kigali lungu-lungu. Masaukinsa wani babban otel ne mai suna Mille Collines. Ɗalibin da ya iya Faransanci zai gane ma'anar sunan: tuddai dubu.

Ƴaƴan firaminista

Ran 6 ga Afrilu 1994 da dare aka harbo jirgin saman shugaban ƙasa, Juvenal Habyarimana, yana shirin sauka a Kigali. Ya mutu tare da shugaban Burundi da duk wanda ke cikin jirgin. Masu tsattsauran ra'ayi na Hutu, waɗanda ba su son sulhu tun farko, sun daɗe da shiri. Sun raba adduna, sun horar da samari ƴan daba da ake kira Interahamwe, sun rubuta sunayen mutane. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a kan hanyoyi. Aka shiga kashe Tutsi, babba da yaro, tare da duk ɗan Hutun da aka san yana son sulhu. Wani gidan rediyo mai suna RTLM yana karanta sunaye, yana faɗin inda mutane suka ɓuya.

Firaministar ƙasar mace ce, Agathe Uwilingiyimana, tsohuwar malamar makaranta. Hutu ce, amma tana goyon bayan sulhu. Da safiyar 7 ga Afrilu sojoji suka kewaye gidanta. Ita da iyalinta suka tsere zuwa gidajen ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da ke maƙwabtaka da su. Aka bi su, aka kashe ta, aka kashe mijinta. Sojojin Beljik goma da aka aika su tsare ta, su ma aka karɓe makamansu aka kashe su a wannan rana.

Mbaye ya ji labari. Bai jira umurni ba, ya shiga motarsa ya tafi wurin. Ya tarar an riga an kashe uwa da uba, amma ƴaƴansu biyar suna nan da rai, an ɓoye su cikin wani ɗaki mai duhu. Ɗaya daga cikinsu shekararta 15. Janar Dallaire ya iso wurin, ya ga yaran, ya yi alkawarin aiko da motoci masu sulke su kwashe su. Mbaye ya zauna da su yana jira. Motocin ba su zo ba, don rundunar ba ta da waɗanda za ta iya aikowa. Masu kisa kuwa suna iya komowa kowane lokaci. Sai ya kwantar da yaran a bayan motarsa, ya rufe su da tamfol, ya ratsa shingaye da su har otel. Bayan ƴan kwanaki aka samu aka fitar da su zuwa filin jirgin sama. Jirgi ya kai su Kenya, daga can ƙasar Suwis ta karɓe su.

Wannan shi ne farko.

A bakin shinge

Sai an san yadda shingen yake sa'annan a gane abin da Mbaye ya yi. Wani lokaci itace ne aka gitta a hanya, wani lokaci duwatsu ko tsofaffin tayoyi. Samari suna tsaye da adduna da kulake, wasu da bindigogi, yawancinsu a buge. Duk wanda ya zo sai ya nuna takardar shaida. In an ga Tutsi a rubuce, nan take ake kashe shi a gefen hanya. Takardar nan da Turawa suka ƙago shekara sittin baya, ita ce ta zama hukunci. Irin waɗannan shingaye suna da yawa ƙwarai a Kigali, wani bai fi ƴan taku daga wani ba.

Mbaye yakan fita shi kaɗai. In ya ji akwai mutane ɓoye a wani gida, ko cikin rufin ɗaki, ko a wata majami'a, sai ya nufi can. Motarsa ba ta ɗaukar mutane da yawa. Uku, huɗu, in ya yi yawa biyar. Da ya cika ta fiye da haka, da an gane. Saboda haka sai ya yi ta kai da kawowa, kuma kowace tafiya sai ya tsaya a kowane shinge, zuwa da dawowa.

In ya iso, sai ya sauke gilashi yana murmushi, ya gai da su, ya miƙa sigari. Ya tambayi babbansu, ya ja shi da hira. In sigari bai isa ba ya ba da kuɗi, ko abincin gwangwani na soja. Shi da ba ya shan giya, yakan ɗauko kwalabe a mota don ya sayi hanya da su. Wani wuri kuma sai ya ɗaure fuska ya yi tsawa irin ta hafsa, ya ambaci sunayen manyan sojojin da ya sani. Ya iya karanta fuskar mutum, ya san wanda ake lallashi da wanda ake tsoratarwa.

Wata rana yana tare da wani ɗan jarida Bature na gidan rediyon BBC, Mark Doyle. A lokacin ƴan daba suna neman ƴan Beljik ruwa a jallo. Aka tsai da su, wani ya leƙo yana nuna Baturen, yana tambaya ko ɗan Beljik ne. Mbaye ya yi dariya, ya nuna baƙar fatarsa, ya ce shi ne kaɗai ɗan Beljik a motar. Masu addunan suka fashe da dariya. Kafin dariyar ta huce ya ce a buɗe hanya, aka buɗe.

A Senegal, kamar a Nijar, akwai wasan taubasai tsakanin dangi da dangi, da tsakanin ƙabila da ƙabila. Yaro yana tashi ya ga yadda ba'a ke kashe wutar faɗa. Amma wasan taubasai da wanda ake ƙauna ake yinsa. Mbaye kuwa da masu jini a hannu yake dariya, gawawwaki suna kwance a gefen hanya, mutane kuma suna bayan motarsa sun ɗauke numfashi. Dariyar nan ba ta jin daɗi ba ce. Aiki ce, kuma tana da wuya fiye da harbi.

Akwai ranar da raha ba ta yi amfani ba. A farkon watan Mayu, MINUAR ta yi ƙoƙarin kwashe wasu daga cikin waɗanda suka fake a otel zuwa filin jirgin sama cikin manyan motoci. Rediyon nan ta ba da labari. Ƴan daba suka tare hanya, suka fara jawo mutane ƙasa suna dukansu. Wata likita da ke cikin motar ta ba da labari daga baya, ta ce Mbaye ya shiga tsakaninsu da masu addunan, ya buɗe hannuwa, yana tsawa cewa mutanen nan amanarsa ne, sai an kashe shi kafin a taɓa su. Ba a kai filin jirgin ba. Aka juyo otel da masu raunuka, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Mutane fiye da 1,200 ne suka fake a wannan otel, kuma sun tsira.

Umurni da rai

Abin da aka fara koya wa soja shi ne bin umurni. Umurnin da aka ba ƴan sa-ido kuwa a fili yake: su duba, su ba da labari, kada su shiga tsakani. Fitar da Mbaye ke yi ba ta cikin aikinsa. Janar Dallaire ya lura mutane suna bayyana a otel da dare, washegari kuma an wuce da su wani wuri. Ya gane wanda ke yi. Yana da ikon hana shi ko ya kore shi gida. Bai yi ba, ya kau da kai. A nan janar ɗin ya yi daidai.

Manyan ƙasashe kuwa wata hanya suka bi. A makon farko Faransa da Beljik da Italiya suka aiko da sojoji da jirage, suka kwashe Turawa, suka tafi. Beljik ta janye dukan sojojinta daga MINUAR. Ran 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisa, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke shawarar rage rundunar zuwa mutum 270. Ƴan ɗaruruwa ne suka rage, yawancinsu sojojin Gana da na Tunisiya, da ƴan sa-ido irin su Mbaye. Ba su da isasshen mai, ko ruwan sha, ko magani. Masu jirage da tankoki sun tafi, aka bar masu farar mota.

Mbaye yana da ƴar na'urar ɗaukar hoto mai motsi. Yakan ɗauki abin da yake gani a gari da zaman abokan aikinsa. Hotunansa suna cikin kaɗan da aka samu na waɗannan kwanaki a Kigali. A 2004 wani gidan talabijin na Amurka ya nuna wasu daga ciki.

Wajen ƙarshen watan Mayu sojojin FPR sun matso cikin birni, harsasan igwa suna faɗuwa ko'ina. Lokacin komawar Mbaye gida ya kusa, saura ƙasa da mako biyu. Ya kira matarsa ta tarho ya shaida mata. Ran 31 ga Mayu 1994 ya karɓi saƙo daga shugaban sojojin gwamnati, Augustin Bizimungu, zai kai wa Janar Dallaire. Ya tsaya a wani shingen sojoji kusa da wata gada. Sai harsashin igwa da aka harbo daga ɓangaren FPR, ana nufin shingen, ya faɗi bayan motarsa. Ɓarɓashin ƙarfe ya fasa gilashin baya ya same shi a ƙeya. Nan take ya cika. Shekararsa 36.

Da abokan aikinsa suka zo ɗaukar gawarsa, aka nemi jakar da ake sa gawar soja aka rasa. Rundunar ba ta da ko ɗaya. Wani ma'aikacin agaji ya samo shuɗin tamfol irin wanda ake ba ƴan gudun hijira su yi bukka, aka naɗe shi a ciki. Washegari aka yi masa ɗan faretin ban kwana a filin jirgin sama. Wani hafsa ɗan Senegal, abokinsa, ya raka gawar gida, aka binne shi da girmamawar soja.

FPR ta kama Kigali ran 4 ga Yuli, kisan ya tsaya cikin wannan wata. A cikin kwana ɗari an kashe mutum wajen 800,000. Waɗanda Mbaye ya tsirar, gwamnatin Amurka ta ce sun kai 600, wasu kuma sun kai lissafin har 1,000. In aka ajiye wannan kusa da wancan, kaɗan ne ƙwarai. Amma a raba 600 gida biyar-biyar a gani: tafiya 120 ke nan, kuma bai cika wata biyu yana yi ba.

Bayan rasuwarsa

Shekaru suka wuce ba a cika jin sunansa ba, sai a bakin waɗanda ya tsirar da waɗanda suka yi aiki da shi. Matarsa ta ci gaba da renon ƴaƴansu. A 2005 Senegal ta ba shi lambar girma ta ƙasa. A 2010 Ruwanda ta ba shi lambar Umurinzi, wato mai tsaro, wadda take ba waɗanda suka yi tsayin daka a kan kisan ƙare dangi. Amurka ta girmama shi a 2011.

Ran 8 ga Mayu 2014, shekara ashirin bayan abin da ya faru, Kwamitin Sulhun nan da ya rage rundunar ya ƙago wata lambar yabo da sunan Kaftin Mbaye Diagne. Ana ba da ita ga soja, ko ɗan sanda, ko farar hula na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya nuna jaruntaka ta musamman wajen ceton rayuka. Ta farko iyalinsa aka miƙa wa, a birnin Niyok, a watan Mayu na 2016.

Ba kowace shekara ake samun wanda za a ba ba. A 2019 aka ba Chancy Chitete, wani ƙaramin soja ɗan Malawi da aka kashe a Kwango yana ceton wani sojan Tanzaniya da ya ji rauni. A 2022 aka ba Kaftin Abdelrazakh Hamit Bahar, ɗan ƙasar Cadi, wanda ya rasu a watan Afrilu na 2021 yana kare sansaninsu a Agelhok, cikin arewacin Mali.